Ga Ruwa Babu Inuwa: Itacen Girki Da Bishiyar Tsakar Gida A Kura Da Bunkure



A bazarar da ta wuce muka je ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu marubuci a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure. Da muka sauka daga titin Zariya muka miƙi hanyar da ke bin gefen kanal, abin da ya fara cika mana ido shi ne kore. Watan Afrilu ne, lokacin da sauran ƙasar Kano ta bushe ƙamas, amma nan ga shinkafar rani shar, ga masara, ga ragowar tumatir da albasa, ga ruwa yana gudu yara suna wanka a ciki. Ana cikin tafiya sai tayar motarmu ta yi faci. Muka fito muna neman inda za mu fake kafin direba ya canja ta. Muka duba gabas muka duba yamma, babu bishiyar da mutum zai isa gare ta sai ya yi tafiya mai nisa. Mu bakwai muka tsuguna a ɗan inuwar motar. Muna nan tsugune wata tsohuwar a-kori-kura ta wuce mu, an labta mata faskararren itace har ta karkace gefe guda, za ta shiga gari.

Tun daga ranar abin ya tsaya mana a rai. Wurin da ya fi ko'ina ruwa a jihar Kano, shi ne wurin da baƙo zai rasa inuwar da zai tsuguna, kuma itacen da ake dafa abinci da shi a can sai an ɗauko shi daga nesa a mota. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, tunda gonar noman rani ba ta da wurin bishiya, tsakar gida ce ya kamata ta karɓi wannan nauyi. Muna kuma ganin mu marubuta muna da hannu wajen sa mutane su raina gida mai bishiya, don haka muna da hannu a gyaran.

Bari mu fara da yadda aka zo nan. An gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974. Daga can ruwa yake biyo babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya gangaro filayen Kadawa. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi. Ruwan nan da kansa yake gangarawa, ba inji ke tura shi ba, saboda haka dole aka daidaita ƙasa aka yanka ta fage-fage. Katafila ba ta san ɗorawa ba, ba ta san kanya ba. Itatuwan da suka daɗe a gonakin kakanni, yawancinsu a lokacin suka tafi.

Ba muna cewa aikin kuskure ba ne. Garin Kura da aka sani da rini da bugu, yau an san shi da shinkafa a faɗin Nijeriya. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan har Legas yake zuwa. Dubban gidaje suna ci daga ruwan nan. Abin da muke cewa shi ne, an biya wani farashi da ba a rubuta shi a takarda ba, kuma mata ne suka fi biyansa, domin su ne masu kalwa da daddawa, su ne masu ganyen miya, su ne kuma masu tsayawa a gaban murhu.

Domin a gane girman abin da aka rasa, sai a tuna yadda gonar Bakano take tun asali. Wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore, sun yi bincike a kan itacen girki a Kano, aka buga shi a 1990 da sunan Wood Fuel in Kano. A lokacin ana ta faɗin cewa yawan jama'a zai cinye itatuwan karkarar Kano ƙarƙaf. Su kuwa da suka duba sai suka tarar manoman da ke kewaye da birni ba su bar itatuwan gonakinsu sun ƙare ba. Kowace bishiya tana da mai ita. Yana cin 'ya'yanta, yana ba dabbobi ganyenta, yana rage mata rassa ya yi girki, gindin kuwa yana nan. Yawancin itacen da birni yake ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi. Darasin da ke ciki a fili yake: bishiyar da take da mai ita tana daɗewa, wadda take ta kowa ita gatari yake fara samu.

Yanzu a dubi yawan wutar da ake hurawa a yankin Kura. Kafin shinkafa ta shiga inji, mata suna jiƙa ta, su turara ta a manyan tukwane da rabin duro, su shanya. Turarar nan wuta take ci ta sa'o'i. Ga masu gidan burodi, ga masu shayi, ga masu tsire, ga mai ƙosai da mai waina. Ga kuma itacen jego, wanda duk magidancin da aka yi wa haihuwa ya san nauyinsa, domin ruwan wankan mai jego safe da yamma ake dafa shi har a yi arba'in. A kan wannan duka sai ga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, gas ya yi tsada, gidaje da yawa da suka bar murhu suka dawo kan itace da gawayi. Gawayin nan da muke ganin ya fi tsabta, a irin yadda ake ƙona shi a daji, sai an cinye itace kilo 5 zuwa 10 kafin a samu kilo 1. Duk buhun da ka gani a bakin titi, wata babbar bishiya ce ta kwanta a wani wuri, ko a wajen dajin Falgore ko a can gaba da shi.

A gidan bikin ne muka koyi abin da ya kamata mu sani tun muna yara. Kakar ango, wadda kowa yake kira Inna, tana zaune kusa da masu girki tana ba da umarni. Da aka gaya mata mu marubuta ne sai ta ɗauko wani guntun itace ta miƙo mana.

"To 'ya'yan nan, ku da kuke rubuta littafi, wane itace ne wannan?"

Muka juya shi muka sake juyawa. Ɗaya ya ce darbejiya, ɗaya ya ce mangwaro. Ta yi dariya har tana riƙe baki.

"Marke ne. Da shi za a ɗora tuwo. Waccan tulin kuwa gawo ne, na dafa ruwan zafi ne kawai, kafin ka juya ya zama toka."

Muka ce, "Inna, ashe itace ma iri-iri ne?"

Ta ce, "Mutane ma ai iri-iri ne."

Abin da Inna ta koya mana a yammacin nan, ga shi a taƙaice. Akwai itace mai nauyi mai riƙe garwashi: marke, ƙirya, tsamiya, kanya, bagaruwa da aduwa. Waɗannan ba sa saurin kamawa, amma in suka kama sai ka gama tuwo ka ɗora miya, da asuba ka tona toka ka tarar da wuta. Shi ya sa maƙera suke neman gawayin ƙirya, masu burodi da masu tsire suke neman marke. Akwai mai sauƙi mai saurin cinyewa: gawo, rimi, ceɗiya, durumi. Su harshen wuta suke bayarwa, garwashinsu ba ya jimawa. Akwai na tsaka-tsaki, irin darbejiya da mangwaro da turare, waɗanda in sun bushe sosai babu abin da ba za su dafa ba. Akwai kuma wanda ba na wuta ba ne sam. Kuka cikinta kamar soso yake, zogale ma haka. Tumfafiya kuwa Inna ta ce ko kyauta aka ba ta ba za ta sa a murhunta ba, saboda hayaƙinta.

Masana makamashi ba su saɓa wa Inna ba, sai dai sun ƙara bayani. In aka auna busasshen itace kilo da kilo, zafin da kowane iri yake bayarwa bai bambanta da yawa ba. Bambancin yana wajen cika da kuma ruwa. Guntun marke ya fi guntun gawo mai girmansa nauyi, don haka abin ƙonawar da ke cikinsa ya fi yawa. Mu kuwa da ɗauri muke sayen itace, da ido, ba da sikeli ba. Wanda ya sayi ɗaurin gawo a kuɗin ɗaurin marke ya yi asara ko da bai sani ba.

Maganar ruwa ta fi wannan muhimmanci. Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa yana iya zama ruwa. Kafin ya yi kyau da girki sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. In aka sa shi ɗanye, wutar tana ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan da ke cikin itacen maimakon ta dafa abin da ke cikin tukunya, sai hayaƙi ya turnuƙe. A nan ne nauyi yake yaudara, domin ɗanyen itace ma nauyi gare shi. Yadda ake ganewa ba wuya. A haɗa guda biyu a buga: busasshe yana ƙara tas, ɗanye yana yin dum. A dubi bakin sara, busasshe yana da tsage-tsage. A taɓa ɓawon, na busasshe yana ɓanɓaruwa da kansa.

Hayaƙin nan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya. Wadda take shaƙar sa ita ce mai girki da goyon da ke bayanta. Abin ya fi muni in aka haɗa da leda wajen kunna wuta, ko aka ƙona tsofaffin katakon da aka shafa wa fenti. Duk wanda ya taɓa shiga madafin da ake hura ɗanyen itace da damina ya san yadda ido yake yi.

To ga tarkon da muke ciki. Itatuwan da suka fi kyau da wuta su ne suka fi jinkirin girma. Ƙirya da marke da tsamiya da kanya, wanda ya shuka su jikansa ne zai ga cikar girmansu. Su ne kuma suke da wani amfani da ya fi wuta. Tsamiya ta kunu ce, ɗorawa ta daddawa ce, kaɗanya ta man kaɗe ce, bagaruwa ta majema ce, aduwa da ita ake sassaƙa allo, ƙirya da ita ake turmi da taɓarya. Wanda ya kayar da tsamiya mai shekara sittin domin girkin wata uku, daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo. Matuƙar kasuwa tana neman marke da ƙirya, kuma babu wani itacen kusa da hannu, masu injin sara za su ci gaba da shiga daji.

Mafitar da muke gani ita ce wadda muka tarar a gidan Inna. Darbejiya uku ne a gidan, biyu a ƙofar gida, ɗaya a bayan ɗakuna. Ba a taɓa kayar da ko ɗaya ba. Duk shekara da rani ana hawa ɗaya a rage mata manyan rassa, a bar sauran biyun su huta, shekara ta zagayo a koma kan ta gaba. Darbejiya ba ta fushi da sara, kafin damina ta ƙare ta sake tohowa. Rassan ana faskara su tun suna ɗanye, a jera su a kan wani ɗan gado na duwatsu domin gara, a bar rana da iskar bazara su yi aikinsu, a rufe samansu in hadari ya fara. A tsakar gidan akwai mangwaro ɗaya da gwaiba, zogale yana jere a jikin danga. Can kusurwa kuma ga wata 'yar tsamiya da ba ta wuce tsayin mutum ba, an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Inna ta ce ta jikokin ango ce.

Wato kowace bishiya da aikinta. Akwai ta wuta, mai saurin girma da jure sara. Akwai ta ci. Akwai ta inuwa, irin ceɗiya da durumi da ake dasawa da reshe kawai su kama. Akwai ta 'yan baya. Darbejiyar nan ma da muke ganin tamu ce, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, a ƙarnin da ya wuce aka shigo da ita, ga shi yau babu garin da ba ta zama 'yar gida ba. Wannan ya nuna abin da dashe yake iya yi cikin shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba.

Mutanen Kura da Bunkure suna da wata dama da mutanen Ɗambatta ko Kazaure za su so su samu. Ruwa yana kusa. Shekaru da dama na ban ruwa sun ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da yawa, rijiya ba ta nisa. Dashen da zai sha wahalar rani uku a arewacin jiha, nan da ruwan alwala da na wanke-wanke zai rayu. Inda ƙasa take riƙe ruwa fiye da kima kuwa, sai a tara ƙasa a yi ɗan tudu a dasa a kai, domin saiwa ba ta son zama cikin ruwa.

Wanda yake ganin wannan mafarkin marubuta ne, ya dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi. A farkon shekarun 1980 ƙasarsu ta yi fayau, dashen da ake yi yana mutuwa. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma suke sassabewa duk shekara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu take raye a ƙasa. Aka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Matan da suke yini a daji neman kirare suka koma samun su a gonar gida. Ruwan saman da suke samu bai kai namu ba, kanal kuwa ba su da shi.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce. Manomin shinkafa zai ce bishiya a gona masaukin tsuntsaye ce, ga jan-baki yana jiran shinkafa ta yi nono, ga inuwa tana rage amfani. Gaskiyarsa. Ma'aikacin ban ruwa zai ce saiwa tana fasa simintin kanal. Shi ma gaskiyarsa. Shi ya sa ba mu ce a dasa a cikin fage ko a bakin kanal ba. Muna maganar tsakar gida ne, da ƙofar gida, da harabar masallaci da makarantar allo da ta boko, da maƙabarta, da gefen hanyoyin ƙauye, da gonakin tudu da ruwan kanal bai kai ba.

Wani zai ce saiwa tana tsaga gini. Tana yi, in aka manna bishiya da bango. A ba darbejiya da mangwaro taku biyar ko shida daga ɗaki da rijiya da masai. In gidan ƙarami ne, gwaiba da lemun tsami da zogale ba sa neman fili. Wani zai ce bishiya tana kawo sauro. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, kwata da tsohuwar taya su ne gidansa, su ya kamata a fara gyarawa. Wani zai ce shara. Wannan kam gaskiya ce, mai bishiya ba ya rabuwa da tsintsiya, sai dai ganyen da aka share taki ne in aka tara shi.

Ja mafi ƙarfi shi ne na talauci da rabon gado. Gida ya rabu kashi biyar, kowa yana neman inda zai tayar da ɗaki, bishiyar da ke tsakiya ta zama ta kowa, sai a sayar a raba kuɗin. Ko kuma rashin lafiya ta taso, mai injin sara yana ƙofar gida da kuɗi a hannu. Ba mu da bakin zargin wanda ya sayar da bishiya ya kai ɗansa asibiti. Abin da za mu ce kawai, ya samu abin sayarwa ne domin wani ya dasa. In ya sare, ya mayar da biyu. Kuma kada mu yi wa kowa ƙarya: darbejiya uku ba za su ɗauki girkin babban gida na shekara ba, balle turarar shinkafa ta sana'a. Za su rage sayen itace ne. In aka haɗa da kara da totuwar masara da buntun shinkafa da yake tule a bayan injina, aka kuma bar murhun duwatsu uku da yawancin zafinsa yake bin iska aka koma murhu mai kewaye, ragin zai zama abin da aljihu zai ji.

Ba mu so maganar ta tsaya a kan wuta kaɗai, domin bishiyar gida ta wuce makamashi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Maƙwabcin Inna ya yi sabon gini na bulo da rufin kwano, ya shafe tsakar gida da siminti. Tsamiyar da ke wurin an sayar da ita lokacin da za a ja katanga. Gida ne mai kyan gani, a can aka sauke mu. Bayan azahar babu wanda ya iya zama a cikinsa. Ɗaki kamar tanda, simintin yana ƙona tafin ƙafa, wutar lantarki babu balle fanka. Ɗaya bayan ɗaya muka sulale muka koma gindin darbejiyar Inna. Da muka je sai muka tarar mai sabon gidan ya riga mu, yana kishingiɗe a tabarma.

A wurin nan muka yini. Darbejiyar tana fure, ƙamshin yana saukowa duk lokacin da iska ta kaɗa. Randar da ke gindin mangwaro ruwanta kamar an sa ƙanƙara. Kurciya tana kuka a sama, yara suna rigima a kan wanda ya fara ganin mangwaron da ya faɗo, dattawa suna lissafin kuɗin taki. Hirar da muka ji a yinin nan ta ishi mutum rubuta gajerun labarai uku. Babu ko ɗaya daga cikinta da za a yi a gidan simintin, domin babu wanda zai zauna har hira ta yi nisa. Addininmu ma ya kwaɗaitar da mu, an ruwaito a Bukhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi.

Yanzu mu dawo kanmu. Mu buɗe labaran da muke sakawa a WhatsApp da Wattpad mu dubi gidan da muke ba jarumi. Get ne mai buɗe kansa, intalok tun daga ƙofa har wajen ajiye motoci, tayil, da 'yan furanni a tukunya. In za mu nuna talauci kuwa sai mu ce gidan ƙasa ne da wata bishiya a tsakiya. Mun yi ta maimaita wannan har yarinyar da ke karanta mu a Bunkure ta ɗauka alamar an samu ita ce a sare bishiya a zuba siminti. Saurayin da ya sayar da shinkafarsa ya tashi gini, hoton da ke kansa daga fim da littafi ya samo shi. Ba mu kaɗai muka zana hoton ba, amma alƙalaminmu yana ciki.

A lura kuma da kalmar da muke amfani da ita: wata bishiya. Masoya sun haɗu a ƙarƙashin wata bishiya, tsoho yana zaune a gindin wata bishiya. Kakanninmu ba su san wata bishiya ba. Da sunan itatuwa suka raɗa wa wurare suna: Ɗorayi, Kurna, Giginyu, Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Rimin Gado, da Ruwan Kanyar da ruwan Kadawa yake biyowa ta cikinsa. Hausa tana cewa inuwar giginya na nesa ka sha, kuma wanda bai taɓa tsayawa a gindin giginya ba ba zai gane abin da ake nufi ba. Marubucin da ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ba zai sa jarumarsa ta fake wa ruwan sama a gindinsa ba. Wanda ya san bambancin garwashin marke da tokar gawo, da jumla ɗaya zai nuna mana ko maigidan nan yana kula da iyalinsa, ta irin itacen jegon da ya sauke a ƙofar gida. Ranar da Inna ta miƙo mana guntun itace muka kasa faɗin sunansa, mu bakwai, dukanmu masu kiran kanmu marubutan Hausa ne.

Saboda haka abu biyu muke roƙo. Na farko, kafin mako ya zagayo kowannenmu ya samu wata tsohuwa a gidansu ko a unguwarsu, ya zauna kusa da murhunta, ya tambaye ta sunan itace biyar da halin kowanne a wuta. Ya rubuta yadda ta faɗa, da kalmominta. In ya tashi gina gida a labarinsa na gaba, ya dasa wa gidan bishiya mai suna, ko da gidan attajiri ne. Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin dashe shi ne in damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, amma ramin da takin da ƙayar kare awaki tun yanzu ake tanadinsu. Mai gida ya dasa a gidansa. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida, in ya ƙi, ga masallacin unguwa, ga makarantar da ya yi.

Mu dai da muka je bikin nan mun dawo da 'ya'yan tsamiya a aljihu, Inna ce ta ba mu, ta ce a jiƙa su kwana ɗaya kafin a shuka. Huɗu sun tsiro a cikin ledar ruwa, suna jiran damina.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga inuwar abin da muka dasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.